Kulorin: Maganin Ruwan da Maƙwabta Ba Su San Haɗarinsa Ba

A watan Yulin 2015 iskar kulorin ta tsere daga matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos, ta kutsa gidajen da ke kewaye. Mutum takwas suka rasu, aka kwantar da kimanin ɗari a asibiti. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna shi ne wanda ake sa wa ruwan famfo domin ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma tun 1908 da birnin Jersey City na Amurka ya fara amfani da shi a kai a kai ya ceci rayukan da ba sa ƙirguwa. Don haka ba batun daina amfani da shi ake yi ba. Abin da nake gani shi ne, sanin yadda za a tsira daga kulorin bai kamata ya tsaya ga injiniyoyin da ke cikin katangar matata ba. Duk wanda ke kwana kusa da inda ake ajiye shi, ko a bakin hanyar da ake wucewa da shi, yana da haƙƙin a sanar da shi, domin kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso an riga an yi mai wuyar.

Dalili yana cikin halin sinadarin kansa. Ana matse shi ne ya zama ruwa a cikin tukwanen ƙarfe, da zarar ya samu kafa sai ya koma iska mai launin rawaya-kore, kuma lita ɗaya ta ruwansa tana zama kusan lita 460 ta iska. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin girki. Kwanciya yake yi yana malala, ya cika kwari da lambatu da ramuka, ya zauna daidai inda yaro yake tsaye ko inda mai barci ya shimfiɗa tabarma. A unguwar da ake kwana a tsakar gida lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya taɓa danshin ido, maƙogwaro ko huhu, sai ya rikiɗe ya zama asid mai ƙuna. Sojojin Jamus sun san da haka lokacin da suka sake shi a Ypres ta ƙasar Beljiyam a Afrilun 1915: sun bar shi ya gangara cikin ramukan da abokan gabarsu ke fakewa.

Daga nan ake gane me ya sa abin da hankali ke fara raya wa mutum shi ne yake halaka shi. Wanda ya ji wari mai kama da na ruwan wankin fararen kaya, idonsa na raɗaɗi, tari ya sarƙe shi, sai ya ruga inda ƙafa ta kai shi, sau da yawa gaban iska, gajimaren na biye da shi. Wani ya kwanta a ƙasa kamar yadda aka koya masa game da hayaƙin gobara, wani kuma ya matsa kusa don ya ga abin da ke faruwa. Abin da ya dace shi ne a duba inda iska ke kaɗawa, ko da ta ganyen bishiya ko shanyar tufafi, a ratsa ta gefe har a fita daga hanyarta, sannan a nufi inda take fitowa, a hau tudu. A ɗauki yara a kafaɗa. Idan gajimaren ya riga ya rufe hanya, shiga ɗaki ya fi gudu: bene in akwai, a rufe ƙofa da taga, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a toshe kafofi da jiƙaƙƙen zane. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana ragewa kaɗan yayin da ake ficewa, amma bai isa ya sa mutum ya koma ceto ba.

Za a ce faɗa wa jama'a irin wannan tayar da hankali ne, har ma ya sa su ƙyamaci ruwan famfo su koma rijiya da rafi. Wannan damuwa ce ta gaskiya a wuraren da jita-jita ta taɓa hana iyaye kai 'ya'yansu rigakafi. Sai dai ɗan abin da ake sa wa ruwan sha ƙanƙani ne ƙwarai, bai haɗa hanya da abin da ke cikin tukunya ba, kuma bayanin hakan ba ya cin minti biyar a bakin mai unguwa ko limami. Firgici ya fi kama wanda bai san komai ba. A Janairun 2005 jiragen ƙasa biyu sun yi karo cikin dare a Graniteville da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, tankin kulorin ya fashe, mutum tara suka mutu, aka kwashe fiye da 5,000 daga gidajensu. Ƙasar da ke da kayan aiki ke nan, amma a mintocin farko kowa da abin da ya sani ya dogara. Jiniya ɗaya da unguwa ta san ma'anarta, tutar nuna iska a saman matata, da lasifikar masallaci da aka yi yarjejeniya da ladan a kanta, duka ba abubuwa ne masu tsada sosai ba.

Wasu kuma za su ce a bar wayar da kai, a hana yoyon tun farko. Da gaskiyarsu, kuma abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a Jodan ranar 27 ga Yunin 2022 ya goyi bayansu. Ƙugiya na ɗaga tanki mai ɗauke da tan 25 na kulorin sai igiyar ta tsinke, mutum 13 suka rasu, fiye da 250 suka jikkata, bincike kuma ya nuna nauyin tankin ya ninka ƙarfin igiyar sau uku. Sakaci ne tsantsa. Ƙa'idodin sanannu ne: a ɗaure tukwane a inuwa nesa da wuta da mai, a sa murfin bawul kafin a motsa su, kada mutum ɗaya ya canja tukunya shi kaɗai, a nemi yoyo da tururin amoniya wanda ke fitar da farin hayaƙi in ya haɗu da kulorin. In yoyo ya auku, kada a watsa wa wurin ruwa, domin ruwa da kulorin na cin ƙarfe su faɗaɗa hujin; a juya tukunyar hujin ya kalli sama yadda iska za ta fita maimakon ruwan sinadarin, kuma mai yin hakan sai yana goye da tukunyar iskar shaƙa. Amma bawul na tsufa, mota na kifewa, kuma birane sun ci filayen da a da suka raba matatu da gidaje. Kyawun kulawa yana rage yawan haɗari ne, ba ya ɗauke buƙatar shirin ranar da ya auku.

Akwai kuma abin da asibitocin kusa da iyalai ya kamata su riƙe. Kulorin ba shi da makari. A fitar da mutum zuwa iska mai kyau, a cire masa tufafin da suka sha sinadarin, a wanke ido da fata da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a zaunar da shi a jingine, kada a bar shi ya yi ta zirga-zirga. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa kaiwa huhu, kuma suna iya shaƙe wanda numfashinsa ke sarƙewa. Mafi haɗari shi ne wanda ya ji sauƙi ya koma gida, domin ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan sa'o'i. Duk wanda ya yi tari mai tsanani ko ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, musamman yaro, tsoho da mai asma, a kai shi inda ake da iskar oksijin, a bar ma'aikatan lafiya su sa masa ido har ya kwana.