Maganin da aka yasar, aka dawo aka tsince shi

A shekarar 1958 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Monroe Wall, yana da tarin ruwan tsirrai da ya tace don wani aiki daban: neman abin haɗa maganin kumburi na kotizon. Sai aka ɗebi kusan 1,000 aka gwada, ko za a dace da mai kashe ƙwayoyin ciwon daji. Guda ɗaya tak ya nuna ƙarfi na gaske, na wata bishiyar ƙasar Sin da Sinawa ke kira bishiyar farin ciki.

Sai a 1966 Wall da abokin aikinsa Mansukh Wani, ɗan asalin Indiya, suka ware sinadarin da ke cikin bishiyar, suka raɗa masa suna kamtotesin. A jikin ɓeraye ya yi aiki ƙwarai. A jikin mutane kuwa sai aka sha kunya. Ba ya narkewa a ruwa, don haka aka sauya masa siffa domin a iya yin allurarsa. Ashe sauyin ya kashe yawancin ƙarfinsa, amma da ya isa mafitsara sai ya koma yadda yake, ya riƙa cin ta. Majinyata suka yi ta fitsarin jini da gudawa. A farkon shekarun 1970 aka dakatar da gwajin. Laifin ba na bishiyar ba ne. Gaggawar hannu ce.

Sama da shekara 10 yana ajiye. A 1985 Leroy Liu da mutanensa a Jami'ar Johns Hopkins suka gano sirrinsa. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, akwai wani sinadari da ke yanka zaren DNA, ya warware murɗarsa kamar igiya, ya sake ɗaure shi. Kamtotesin yana cafke wannan sinadari bayan ya yanka, kafin ya ɗaura. Ƙwayar daji mai saurin rabuwa sai ta mutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kamfanin Yakult na Japan, wanda aka fi sani da madarar sha, shi ya gyara kamtotesin ya zama irinotekan mai narkewa a ruwa. Japan ta amince da shi a 1994. Amurka kuma ta amince da shi a 1996 domin ciwon dajin babban hanji. Har yau yana sa gudawa mai tsanani, kuma har yau yana ƙara wa mutane kwana. Wall ya rasu a 2002, bayan ya ga an fara ba majinyata shi.