Gasar Harbi: Ido Da Kafaɗa Kafin Bindiga

Da yawa daga cikinmu a nan Njamena ba mu manta da yadda Israel Madaye ya tsaya da bakansa gaban Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ba. An doke shi, amma ya nuna cewa ɗan Chadi ma yana iya shiga sahun maharban duniya.

To, gasar ƙaramar bindigar iska ƙanwar harbin kibiya ce. Maharbi kan tsaya mita 10 daga allo, ya miƙe hannu ɗaya ba madogara, ya yi harbi 60 cikin minti 75. Da'irar tsakiya faɗinta milimita 11.5 ne, kamar ƙwayar gyaɗa. Hannu na rawa kaɗan, maki ya tafi.

Shi ya sa masu horarwa ke fara wa da jiki: miƙar wuya, kafaɗa da ƙugu, don kada gajiya ta karkatar da tsayuwa. Sai ido, wanda ake koya wa kafewa a kan tsinin saitin bakin bindiga, ba a kan allon ba.

Károly Takács na Hangari shaida ne. Gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya horar da na hagu, ya ci zinare a 1948 da 1952.

Saboda haka matashi a Goudji ba sai ya jira bindiga ba. Kwalbar ruwa ta lita ɗaya a miƙaƙƙen hannu, da ɗigon gawayi a bango, sun isa farawa.