Surame: aljanu ne suka gina ta, ko mutanen Kanta?

A unguwar Badariya ta Birnin Kabi, idan hira ta yi nisa bayan sallar isha'i, an gama da tsadar taki da farashin shinkafa, ba a rasa wanda zai jawo zancen Surame. Wannan ya ce aljanu ne suka ɗora duwatsun ganuwarta. Wancan ya ce wanda duk dare ya riske shi a kufan zai ji ana dariya a kan bango. Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa taka wurin ba, daga bakin kakanni suka ji. Amma ba duka zancen ne ƙarya ba, tsakuwa ce ta haɗu da shinkafa, sai an tsince.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne akwai birnin, kuma Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shi ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 16. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙasar Sanwai, ya kawo yadda Kanta ya raka Askiya Muhammadu, sarkin Sanwai, yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima, ya yi masa tawaye wajen 1516. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta. Surame kuwa ba gida ba ce a ƙololuwar tsauni irin waɗanda ake gani a finafinan Turawa. Gari ne sukutum a kan tudu mai marmara kusa da kwarin gulbin Rima, an zagaye shi da ganuwar dutse da laka, da gwalalo a bayanta. Wani kuskure da ake yawan yi a nan Birnin Kabi shi ne ɗaukar cewa a jiharmu take. Da aka yanke Jihar Kabi a 1991, kufan ya zauna a Jihar Sakkwato, cikin ƙaramar hukumar Binji.

To, aljanun fa? Na fahimci inda zancen ya samo asali. Bahaushe ya saba da ganuwar ƙasa irin ta Kano da Katsina, sai ga bango na duwatsu jere a tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya, ga kukoki sun yi rassa, kuka kuwa dama mun daɗe da ba iskoki ita. Sai dai labaran Kabawa na gargajiya su da kansu sun ƙaryata wannan. Sun ce Kanta ya raba aikin ga ƙasashen da ke bin sa, kowa da ɓangarensa. Azbinawa aka sa su ɗauko ruwan kwaɓi a kan raƙuma daga nesa. Nufawa suka makara, aka ce su kwaɓa tasu lakar da man kaɗe. Ko da an ƙara gishiri a batun man kaɗen, labarin ya nuna hannun mutane ne, kuma aikin tilas ne. A ganina wannan ya fi na aljanu ban tsoro: mutum ɗaya ya yi ƙarfin da zai kira al'umma daga bakin Kwara su zo su yi masa leburanci.

Dariyar nan ma tana da tushe, kuma shi ne wurin da labarin ya fi daɗi. An ce Mai Ali na Barno ya zo da runduna ya kewaye Surame har abinci ya yi wuya a ciki. Kanta ya sa aka jingina gawarwakin mayaƙansa a kan ganuwa da bakunansu na harbi, aka tsaga musu leɓe har haƙora suka fito, shi kuma ya fice da sauran jama'a. Barebari suka hango mutane tsaye suna ta murmushi safe da yamma, ba sa gajiya, gwiwarsu ta yi sanyi suka juya. Daga nan aka sami kalmar "dariya ba loto". (Loto, ga wanda bai san Hausar yamma ba, shi ne lokaci.) Yaƙi tsakanin Kabi da Barno ya faru, Muhammadu Bello ya ambace shi a Infakul Maisuri. Dabarar gawarwaki kuwa labarin baka ce, kuma ko a cikinsa babu fatalwa ko ɗaya. Matattun ba su yi dariya ba, masu rai ne suka ruɗi abokan gaba. Waɗanda suka zo daga baya su ne suka mai da dabarar yaƙi ta koma dariyar dare.

Shi Bellon ya rubuta cewa Kanta bawan Fulani ne a farkonsa. Kabawa ba su yarda ba, suna cewa ɗan wani Makata ne da wata 'yar sarkin Katsina. Mai karatu dai ya tuna an rubuta littafin a 1812, lokacin da takobi ke tsakanin masu jihadi da Kabawa.

Sai batun cewa jihadi ne ya rushe Surame. Wannan bai da makama. An bar birnin kusan shekara ɗari kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Tun 1674 Agabba na Azbin ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, daga baya Gobir da Zamfara suka haɗa kai da Azbinawa suka matsa mata. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya sauko kudu ya zauna a Birnin Kabi. Garin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805 shi ne wannan da muke zaune a ciki, ba Surame ba. Haka kuma ba annoba ko fushin iskoki ne ya watsa mutanen ba, yaƙi ne da gushewar mulki.

Kabarin Kanta ma ana rikita shi. An harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno, labari kuma ya ce an yi kaburbura da dama a hanya don kada maƙiya su gane na ainihi. Wasu na zaton yana Argungu, saboda gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa. Wancan Gidan Nabame ne, fadar sarakunan Argungu har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Sarakunan da ke kwance a ciki na zamanin Argungu ne, sun zo ƙarnuka bayan Kanta.

Gwamnatin tarayya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Masu binciken kufai sun shiga sun auna, makiyaya suna ratsawa da shanunsu. Mai niyyar zuwa ya bari sai rani, ya fara gaida masu garin da ke kusa su ba shi ɗan rakiya, ya kuma sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da macizai.