Irin da Ke Cikin Ƙwaryar Nono

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk mun san masu tallar nono da ke shigowa birnin Maraɗi da hantsi, wasu ta hanyar Tibiri, wasu ta hanyar Jiratawa. Mukan saya, mu dama fura, mu sha. To, shin mun taɓa tambayar kanmu abin da ke mai da madara kindirmo?

Aikin waɗansu ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna cin zaƙin da ke cikin madara, su mai da shi tsami. Tsamin nan ke sa madara ta kama, kuma yana hana ƙwayoyin cuta da dama hayayyafa. Danginsu ne ke tsamama gasarar koko. Wani masanin Faransa, Louis Pasteur, ya bayyana wannan aiki nasu a 1857.

Kowace halitta tana ɗauke da kundin gado, wanda ke tsara kamanninta da halinta. A 2004 da 2006 masana sun karanta kundin bakteriya iri biyu da ake yin yogot da su. Sai suka tarar dogon zama cikin madara ya canza su. Ta farko tana da dangi masu kawo ciwon maƙogwaro da na huhu, amma ita ta rasa makaman cutarwa; wajen kashi 10 cikin 100 na gadonta ya daina aiki. Ta biyu kuwa, alamu sun nuna kakanninta a jikin tsirrai suka zauna, yau ga ta ta fi son zaƙin madara. Sun zama na gida ke nan, kamar jar akuyar Maraɗi.

Saboda haka, uwargidan da ke zuba ragowar kindirmon jiya cikin sabuwar madara, iri take shukawa. In ta ɗiba daga ƙwaryar da ta fi daɗi, ta yi aikin manomin da ke ware zangarniya mai kyau domin baɗi.

Sai dai tsami ba ya kashe kowace cuta. Tarin fuka da bakkale suna iya kama mutum ta ɗanyar madara. Don haka mu kiyaye:

1. A tafasa madara tukuna.
2. A bari ta huce, ta rage ɗumi kaɗan, sannan a zuba irin. Zafi yana kashe shi.
3. A wanke hannu da ƙwarya, a rufe da faifai.
4. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, kada a sha madararta ko a sayar sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. Ragowar maganin na raunana irin, nono ya ƙi kamawa.
5. Kada a ƙara ruwan da ba a tafasa ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.