Ƙaramar tarakta ta hannu: yadda za a gane kuɗinta na gaskiya kafin a ce “na saya”

Da zaran an kawar da amfanin damina an fara shirin noman rani, cinikin injinan noma yakan motsa a Maraɗi. A garejojin Sabon Gari da gefen manyan hanyoyi za ka ga an jera su, an wanke, an shafa fenti ja ko shuɗi suna ƙyalli. Akwai motokultar, wato ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a baya, akwai kuma ƙananan masu ƙafa huɗu da ake hawa. Mafi yawansu na hannu ne, an yi musu gyara. Tambayar da manoman Jiratawa da na fadamar Tibiri ke yawan yi ita ce, idan dillali ya faɗi kuɗi, da me mutum zai auna ya san ba a cuce shi ba?

Sai mu fara da wata magana da dillalai suka ɗauko kwanan nan. Za a nuna maka tsohuwar tarakta, a buɗe waya a nuna maka irinta a intanet da kuɗin Turai, a ce ka ga yadda take tsada a can. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A Ingila da Faransa akwai masu sha'awar tara tsofaffin taraktoci, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Su gyara ta tsaf, su aje a rumfa, sai ranar baje koli su fito da ita mutane su kalla. Wancan mutumin tarihi yake saye, kuma tsufan abin shi ne darajarsa. Kai da ke da fili a Jiratawa aiki kake saye. Shekarun injin ba su ƙara masa ko dala a wajenka ba. Abin da za ka biya shi ne sauran ƙarfin da ya rage a cikinsa, da kuma sauƙin samun kayan gyaransa idan ya tsaya.

Wanga zance na kayan gyara shi ne ya kamata a fara da shi tun kafin a duba lafiyar injin. Ƙananan taraktocin Japan, irin Kubota da Yanmar da Iseki, ƙira ce mai kyau, babu mai musu. Amma da yawa daga waɗanda ke shigowa na hannu an yi su ne don kasuwar Japan kawai, har rubutun jikinsu da harshen can yake, wasu kuma kamfanin ya daɗe da daina yin irinsu. Ran da wani ƙaramin haƙori ya karye a cikin akwatin giya, sai a aika Kano, Kano ta ce babu, ka zauna kana kallon lokacin shuka yana wucewa. Motokultar na China, kamar Dongfeng da Sifang, ba su kai waɗancan ƙarko ba, sai dai injinsu mai fistin ɗaya ne, dangin S195 da ZS1100, ƴan gida ɗaya da injinan gazuwal da ake niƙa da su a unguwanni. Duk makaniken da ya saba da injin niƙa zai buɗe shi ya mayar, kuma kayansa na cikin shaguna. A ganina, injin da za a gyara maka cikin yini guda a Maraɗi ya fi wanda ya fi shi inganci amma sai an jira kaya daga ƙasar waje, kuma ya kamata wannan ya fito a farashi. Saboda haka ka kwafi sunan injin da lambarsa daga farantin ƙarfen da ke jikinsa, ka zagaya wajen masu sayar da kayan gyara, ka tambayi uku ko huɗu ko suna da ringi, da nozul, da bel, da wuƙaƙen kaftu na irinsa, da kuɗin kowane. Idan duka suka girgiza kai, to ka riga ka samu amsa.

Daga nan sai kalmar “an gyara”. Wannan kalma tana da faɗi. Wani in ya ce an gyara, yana nufin an sauke injin, an sauya ringi da hannun riga, an duba famfon gazuwal, an sa sabon kulochi. Wani kuwa wanka da fenti ne kawai. Fenti shi ne abu mafi arha a duk aikin, shi ne kuma ya fi ɗaukar ido. Ka duba da kyau: idan fentin ya rufe kan notoci da bakin gasket da wayoyi baki ɗaya, babu inda sifana ta taɓa, alama ce ba a kwance komai ba. Wanda ya yi gyaran ƙwarai zai iya gaya maka makaniken da ya yi aikin, sau da yawa ma tsofaffin kayan da aka cire suna nan aje. Ka ce a nuna maka. Ba rashin kunya ba ne, kuɗinka ne.

Kada ka yarda a gwada maka injin da aka riga aka tayar kafin ka iso. Ku yi alƙawari da sassafe, ka ɗora hannu a kansa ka ji yana da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Injin gazuwal da ya gaji yakan ɓoye gajiyarsa in ya yi zafi, amma da sanyin safiya, musamman lokacin ɗari, ba ya iya ƙarya. Ka tsaya ka kalli hayaƙi. Ɗan baƙin hayaƙi lokacin tashi ba wani abu ba ne. Baƙin da ba ya yankewa yana nuna gazuwal ba ya ƙonewa daidai, ko nozul ne ko matatar iska. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na shan baƙin mai, ringi sun cinye, aikin sauke inji na jiranka. Fari mai kauri da bai daina ba bayan injin ya ɗumama, ana iya zargin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka zaro sandar auna mai ka duba. Idan man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya haɗu da mai, kuma wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Ka buɗe murfin da ake zuba mai injin na aiki: in yana busa hayaƙi da ƙarfi, ƙarfinsa na zurarewa ta ciki.

To duk wannan a tsaye ne. Tarakta ba a tsaye take aiki ba. A kai ta fili, kuma ba yashin jigawa ba, wanda ko gajiyayyen inji zai ratsa shi yana fito. A kai ta ƙasa mai laka irin ta gefen gulbin Maraɗi, a sa mata kaftu na awa guda cur. A nan ne za ka ji ko kulochi na sulɓewa, ko giya na fita da kanta, ko injin na tafasa ruwa, ko mai na ɗiga ta ƙasan akwati. Ka saya wa gwajin gazuwal da kuɗinka in ta kama, lita biyu ba za ta talauta ka ba. Kuma ka zo da makanikenka, wanda kai ka biya shi ladan yini, ba wanda mai kaya ya kira ba. Agogon da ke ƙirga awannin aiki a jikin masu ƙafa huɗu, kada ka dogara da shi sosai. Ana sauya shi, yana kuma mutuwa. Cinyewar feda da lilon sitiyari sun fi shi faɗin gaskiya.

Yanzu lissafi. Rufin farashi shi ne kuɗin sabuwa mai irin wannan ƙarfin, yau, a aje a Maraɗi. Ka tambaya a shago fiye da ɗaya. Bari mu yi misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin fahimta kawai. A ce sabuwa miliyan 2 ce na CFA, dillali kuma ya yi maka ta hannu miliyan 1 da jika 400. Da jin haka sai ka ce ka tsira da jika 600. Amma makanikenka ya duba ya ce tayoyi sun ƙare, wuƙaƙen kaftu sun cinye, nozul na son sauyi, duka za su ci jika 250. Ke nan kuɗinta na gaskiya miliyan 1 da jika 650 ne. Tsakaninta da sabuwa saura jika 350, kuma a kan wannan ratar ce kake ɗaukar kasadar duk abin da ba ku gano ba. A irin wannan hali gara ka ƙara haƙuri ka sayi sabuwa, ko kuma mai kaya ya sauko ƙwarai. Ni ina ganin ta hannu, bayan an haɗa da kuɗin gyaran da ke jiranta, in ta wuce kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, ta fara fita daga hankali, sai fa in makaniken da ka yarda da shi ne ya sauke injin da hannunsa.

Lissafi na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa: kwana nawa za ta yi aiki a shekara? Filin noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 kuma yake ƙarƙashin kulawar ONAHA, ya haura hekta 500, amma rabon kowane manomi ƙarami ne, bai kai ko kusa da hekta ɗaya ba. Filin mutum guda ba zai taɓa biyan kuɗin tarakta ba. Yini ɗaya ta gama shi, sauran kwanakin tana zaune. Ga shi kuma wanda ya shuka zogale ba kowane zagaye yake kaftu ba, tunda itacen yana daɗewa ana yankarsa. Saboda haka mai saye, ko ya so ko bai so ba, sana'ar haya zai shiga, ko kuma su haɗu a ƙungiya su saya tare. Sai ka tambayi nawa ake biyan kaftun fili a yankinku, ka tuna kuma kana gasa da masu garmar shanu, waɗanda ba sa sayen gazuwal. Ka cire kuɗin mai, wanda gwamnati ta rage a Yulin 2024 daga CFA 668 zuwa 618 kowace lita, ka cire ladan yaron da zai riƙe ta, ka cire juyen baƙin mai, ka ware wani abu don ranar lalacewa. A ce abin da ya rage maka jika 10 ne a yini. In ta samu aikin kwana 60 a shekara, jika 600 ke nan, kusan shekara uku kafin waccan tarakta ta misalinmu ta maido kuɗinta. In kwana 20 kawai take samu, kamar yadda zai faru ga mai gonar damina zalla, an haura shekara takwas, kuma tsohon inji ba lalle ya kai ka can ba. Shi ya sa tarakta ɗaya za ta iya zama arha ga mutumin Jiratawa da ke noma zagaye biyu ko uku, ta zama tsada ga wani a kan tudu.

Abubuwan da aka haɗo ta da su ma kuɗi ne. Motokultar da ta zo da garma da injin kaftu da tirela ba ɗaya take da tsirara ba. Tirela musamman tana ƙara mata kwanakin aiki, don za ta yi dakon taki da tumatir da bulo lokacin da babu kaftu, kuma da bel ana iya juya famfon ruwa ko injin sussuka da ita. Ku yi magana a fili tun farko a kan me da me ke cikin cinikin, kada a biya kuɗi sannan a ce garmar ta wani ce.

Akwai kuma hujjojin da masu kaya ke kawowa don su riƙe farashi. Wani zai ce lokacin da ya sayo ta a Kano naira na da ƙarfi. Wani zai ce lokacin da aka rufe iyaka ne ya shigo da ita da wahala. Gaskiya ne Najeriya ta rufe iyakarta da mu a Agustan 2023 har zuwa Maris 2024, gaskiya ne kuma kayan da a da ke biyowa ta Kwatano da yawa sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kuɗin dako. Amma naira ta faɗi ƙwarai tun tsakiyar 2023, alhali CFA na nan ɗaure da yuro, don haka mai CFA a hannu bai kamata ya ji tsoron tambayar farashin Kano da Katsina da kansa ba. Ya tambaya da naira, ya juya da canjin ranar, ya ƙara dako ta Jibiya da Ɗan Issa da kuɗin duwan. Abin da mai kaya ya kashe shekara biyu da suka wuce damuwarsa ce. Kai da kasuwar yau kake ciniki.

Dillali kuma, a sani la'adarsa tana ƙaruwa ne in farashi ya hau, ko da kuwa mutumin kirki ne. Ka tambaya tun farko wa zai biya shi, kuma nawa. In da hali ka nemi ganin mai kayan ido da ido, ka tambaye shi dalilin sayarwa da aibin da ya sani. Malamanmu sun sha faɗa cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayar da abin in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai kowa ya san wuyar karɓo kuɗin da ya riga ya shiga aljihun wani.

Saboda haka a rubuta. Takardar sayarwa ta ɗauki sunan mai sayarwa da na mai saye, da lambar inji da ta gangar jiki kamar yadda suke a farantin, da jerin kayan da aka haɗa, da shaidu biyu, a kai wa mai unguwa ko hukuma ta sa hannu. Ka nemi takardar duwan in daga waje aka shigo da ita. Farantin da aka kankare lambarsa ko aka cire shi gaba ɗaya, ka bar wannan injin komai arharsa, don in na sata ne kai za a samu da shi. Masu kaya da yawa kan yarda a riƙe wani kaso na kuɗin, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, har tarakta ta yi mako guda tana aiki a filinka. Wannan sharaɗin ma a sa shi cikin takardar, da ranar da za a cika sauran.