Almakashin Bakteriya da Gano Sikila

Ruwan da ke fitowa daga madatsar Bakolori ya ratsa gonakin shinkafa na Talata Mafara da Bakura da Maradun cike yake da bakteriya, kamar kowane ruwan fadama. Su ma suna da nasu maƙiyan, wato wasu ƙwayoyin bairos da ake kira faj. Faj yakan ɗura wa bakteriya nasa DNA, zaren da ke ɗauke da bayanan gado, ya mayar da ita wurin hayayyafarsa.

A 1952 da 1953 masu bincike a Amurka suka lura cewa faj ɗin da ya cinye wani nau'in bakteriya yakan kasa cin wani. Werner Arber ɗan Suwizalan ne ya gano dalili. Bakteriya na da sinadari mai yanka, mu ce almakashi, wanda ke bin zaren DNA yana neman wani jeri na haruffan da aka rubuta bayanan gado da su. Na bakteriyar E. coli mai suna EcoRI, duk inda ya tarar da GAATTC sai ya datse.

To, me ya hana shi yanka DNA ɗin mai gida, alhali ita ma tana da wannan jeri? Akwai sinadari na biyu da ke liƙa ƙaramar alama, metil, a kowane irin wannan wuri, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen dabbarsa don ya shaida ta. Baƙo ba shi da alama, sai a sassare shi. Yawanci ƙwayoyin gadon waɗannan sinadarai biyu maƙwabtan juna ne, tare ake gadonsu. Dole ne ma, don almakashi ba alama ajalin bakteriyar ne.

A 1970 Hamilton Smith ya ware irin wannan almakashi, Daniel Nathans ya yanka DNA da shi, su biyu da Arber suka sami kyautar Nobel a 1978.

Abin ya taɓo mu ta wajen sikila. Harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon jini, GAG ya koma GTG, kuma sauyin ya faɗo daidai inda almakashin MstII ke yanka. DNA ɗin mai AA yakan yanku a wurin, na mai SS ya fito da tsawonsa, mai AS kuwa a ga iri biyu. Tun 1982 aka soma gano sikila ta haka tun jariri yana ciki. Gwajin kafin aure da aka saba yi a asibitocinmu dabam ne, sinadarin jinin kansa yake dubawa.