Daga Ɗakin Gaggawa Zuwa Mujallar Bincike

Wanda ya yi hatsarin mota a hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato, ko manomin da maciji ya sara a gonakin Kebbe, sau da yawa hannun ma'aikacin jinya yake fara shiga kafin likita ya iso. Ilimin da ake tarawa a waɗannan mintuna na farko, mujallun bincike ne rumbunsa.

Mai bincike yakan nemi izinin kwamitin ɗa'a, ya tattara bayanan majinyata ba tare da sunayensu ba, sannan wasu masana su tace rubutun kafin a buga. A Sakkwato akwai Sahel Medical Journal ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai kuma African Journal of Emergency Medicine, wadda ta fara fitowa a 2011.

Ta irin wannan hanya tsarin Afirka ta Kudu na tantance majinyata da launuka ya yaɗu: ja ga wanda ba ya jira, sai ruwan lemo, rawaya da kore. Ma'aikatanmu ma suna da abin rubutawa, domin sun ga annobar sanƙarau ta 2017 da idonsu. Ya kamata a ba su horo da lokaci su rubuta.